Shirun Hajjo

Aikin Damaris aiki ne da ko mahaifiyarta ta gaji da ƙoƙarin bayyana shi a zumuntar matan cocinsu. Idan aka tambaye ta me 'yarta take yi a ofishin nan na bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, sai ta ce, "Tana ba takarda maki," ta yi maza ta kama wata hirar. Kuma dai, tsakani da Allah, ba ƙarya ta yi ba.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar da Damaris ke wa aiki ta sasanta makiyaya da manoma ce. Tana da lambar waya guda da kowa ke kira idan dabbarsa ta ɓata, ko ya tsinci ta wani a gonarsa. Ba mutum ke ɗaukar wayar ba, na'ura ce mai ƙirƙirarriyar basira, wadda mutane suka laƙaba wa suna Ɗan Aike. Da gangan aka yi haka. Dattawan ɓangarorin biyu suka ce in mutum ne za a ce ya yi son kai, don haka babu ma'aikacin da ke da ikon shigar da rahoto da hannunsa, sai mai dabba ko wani na gidansa ya kira, Ɗan Aike ya rubuta. Dabbar kuwa da ta kwana bakwai a hannun wanda ya tsince ta ba a samu mai ita ba, dagaci zai sa a kai ta kara, kasuwar dabbobi, a sayar.

Shi kuwa Ɗan Aike, bawan Allah, ba ya yin komai da ka. Yana da 'yan kayan aikinsa a cikin kwamfuta, wannan na rubuta ɓatan dabba, wancan na rubuta tsintuwa, akwai na haɗa su biyun, akwai kuma wani can gefe na jero sunayen da ke cikin rajistar masu dabbobi. Kowanne yana da takardar bayaninsa, mai gaya wa Ɗan Aike abin da kayan yake yi da abin da za a zuba masa. Henry, injiniyan ofis, shi ke rubuta takardun. Damaris ke karantawa ta ce wannan ta yi, wannan da sauranta.

Tana da hanyarta ta karatu, kuma gadonta ta yi. Mahaifinta mai juya layin dogo ne a zamaninsa, in zai tashi aiki yakan bar wa mai karɓarsa takarda, kuma yakan rubuta ta ne kamar mai karɓar bai taɓa ganin jirgi ba. To ita Damaris, in Henry ya miƙo mata sabuwar takarda, sai ta ja kujerarta bakin taga. A nan ake hango tsofaffin layuka da ciyawar damina ta cinye, da awaki kwance a ƙarƙashin taragai, da dutsen Kagoro can nesa, rabinsa cikin gajimare. Sai ta lumshe ido. A hankali sai ta ga jirgi yana shigowa tasha ba ƙara ba hayaƙi, ya tsaya, fasinja ɗaya tak ya sauko. Dogon mutum ne mai tsabta, ba jaka ba takalmin tafiya, bai san inda ya fito ba, bai san uwa ba bai san uba ba, ba abin da ya mallaka sai takardar nan a hannunsa. Wannan shi ne Ɗan Aike a wurinta. Duk kiran da aka yi, sabuwar sauka yake yi a tashar, bai tuna na jiya ba.

Sai ta shiga jikinsa. Ta ajiye duk abin da ta sani a ƙasa kamar yadda ake ajiye takalmi a ƙofar ɗaki, ta manta ita 'yar ina ce, ta karanta takardar da idon baƙo. Duk inda ta yi tuntuɓe, ta san shi ma zai yi. Henry yakan ce, "Sista Damaris ta tafi tasha, kowa ya yi shiru," 'yan ofis su yi dariya. Ita ko a jikinta.

Takardar rubuta ɓatan dabba kuwa, kai, ta burge ta. Ba kame-kame, ba kalmar da ke da fuska biyu. Launin dabba, siffar ƙaho, ranar da ta ɓata, sannan sunan mai dabba kamar yadda yake a rajista. A ƙarƙashin wannan Henry ya rubuta: "Dole ne. Idan mai kira bai faɗa ba, sake tambayarsa. Idan aka yi sau uku bai amsa ba, yi masa godiya ka rufe kiran." Baƙon tasha ya karanta bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Damaris ta ba ta goma bisa goma, abin da ba ta taɓa ba wata takarda ba, har Henry ya saya wa ofis gasasshiyar masara.

Wata Laraba da hantsi, ana yayyafi, ta zauna sauraron kiran da suka katse ba a kammala ba, don shi ma yana cikin aikinta. Yawancinsu netwok ne, wasu yara ne ke wasa da wayar iyayensu. Sai ta ga lamba ɗaya ta fito sau bakwai cikin kwana biyar. Ta sa abin ji a kunne ta danna na farko.

Muryar tsohuwa ce, siririya, Hausarta da ƙamshin Fulatanci. Ta yi sallama ta gaida Ɗan Aike da gajiya kamar mai gaida malami. Ta ce sunanta Hajjo, rugarsu tana bayan Samaru Kataf, gab da rafi. Saniyarsu ce ta tsinke ranar Juma'a, Wule, ja mai farin goshi, ƙahon hagu ya sunkuya. Ba a tambaye ta ba ta faɗi sunan uwar saniyar, da na kakarta, da wadda ta haifi kakar.

"Na gode, Inna," in ji Ɗan Aike cikin ladabi. "Mene ne sunan mai saniyar?"

"Ta gidanmu ce."

"Ina buƙatar sunansa yadda yake a rajista. Mene ne sunan mai saniyar?"

"Ta wancan ce," in ji tsohuwar, muryarta ta yi ƙasa. "Ta babban."

"Mene ne sunan mai saniyar?"

Shiru. Ba shirun yankewar waya ba ne, don ana jin tsuntsaye, ana jin maraƙi yana kuka can baya, ana jin numfashinta. Ɗan Aike ya jira daidai gwargwadon da aka ce ya jira, ya yi mata godiya, ya rufe.

Haka na biyu, haka na uku. A na biyar wata mace mai ƙuruciya a murya ta karɓi wayar, ta yi bayani tsaf, aka zo kan suna ita ma ta yi tsit. A na bakwai tsohuwar ba ta ma bari an kai ga tambayar ba. "Ɗan nan, don Allah," ta ce, "ai ka san shi. Shi ya rubuta kansa a wurinku." Aka tambaye ta sau uku, aka yi mata godiya.

Damaris ta zare abin ji ta ajiye. Wayyo, ai ta sani! Tun tana 'yar firamare ta sani. Akwai wata Bafulatana mai kawo musu nono a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi, su Damaris su kewaye ta suna tsokana, "Inna, mene ne sunan ɗanki na fari?" ita kuwa ta rufe baki da mayafi ta kore su da ludayi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan mijinta. Wannan ko ɗan akuyar Kafanchan ya sani. Amma ranar da ta ba takardar maki, ai ta tuɓe duk saninta ta bar shi a ƙofa. Ta duba ko baƙo zai gane takarda, ba ta taɓa tambayar kanta wa baƙon zai tarar a bakin tasha ba.

Ta yi maza ta buɗe jerin tsintuwa. Ga shi nan kuwa, baro-baro: wani manomin citta mai suna Rufus ya kira ranar Juma'a da yamma, ya tsinci jar saniya mai farin goshi, ƙaho ɗaya a sunkuye. Rahoton yana zaune yana jiran ɗan'uwansa da bai taɓa zuwa ba. Ta ƙirga da yatsu. Jibi Juma'a, kwana bakwai cif.

Ta kira Rufus. Muryar dattijo ce mai fara'a, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ana jin rediyo a bayansa.

"Baba, ina kwana? Damaris ce daga ofishin Ɗan Aike. Saniyar nan tana nan?"

"Yana nan, 'yata, yana cinye mini ciyawa. Kullum da yamma sai ya juya kai wajen rafi ya yi ta kuka, har madam ta ce abin yana hana ta cin tuwo. Kun samu mai shi?"

"Mun kusa, Baba. Don Allah ka riƙe ta."

"Ni ma ba na so a kai shi kara. Amma an yi magana a gaban dagaci da ardo, ni ma na ɗaga hannu. Juma'a da safe za su zo da igiya."

Da ta je wa Henry da maganar, yana cin ƙosai a kan kwamfuta. Ya saurari kira biyu, ya goge hannu a wando.

"Sista, ni ban ga laifin takardata ba. Suna dole ne, dattawa suka sa, ba ni ba. In ba suna, kowa ma sai ya kira ya ce saniyarsa ce. Kuma ke da kanki kika ba ni goma."

"Na janye."

"Haba! Ana janye maki?"

"Yau an fara. Brotha Henry, ba na ce a cire suna ba. Ka gaya masa abin da zai nema, ba ka gaya masa yadda ake nema ba. Ka aiki baƙo gidan mutane ya tsaya a tsakar gida yana ce wa uwa ta kira sunan ɗanta."

"To ta ba wani ya faɗa mana. Rugar ba maza?"

Damaris ta ga sai ta je ta gani da idonta. Shi ya sa washegari da sassafe ta shiga motar Samaru.

Hanya ce da ta saba bi, amma ranar sai ta zame mata kamar sabuwa. Gajimare ya sauko har ƙasan dutsen Kagoro, mota ta shiga cikinsa ta fito, mata masu ɗauke da itace a kafaɗa suna bayyana suna ɓacewa. Gonakin citta sun yi kore shar, an lulluɓe kunyoyinsu da ciyawa. Ta jingina kai da gilas, gyangyaɗi ya ɗan ɗauke ta, sai ta ga dogon baƙon nan zaune kusa da ita, takardarsa a kan gwiwa, yana kallon waje. Ya juyo ya dube ta ba fushi ba zargi, kallon mai cewa abin da kika ba ni shi na yi. Ta farka kwandasta na cewa, "Samaru, a sauka."

Ɗan acaɓa ya kai ta har inda tayar mashin ta fara nutsewa, ta ƙarasa da ƙafa tana tambayar masu noma. Rugar bukkoki huɗu ce a kan ɗan tudu, biyu a rufe. Garke fayau, sai maraƙi ɗaya ɗaure a turke. Wata mace doguwa tana wanke ƙwarya, ta ɗago kai. Ita ce mai muryar kira na biyar, sunanta Mufida. Da ta ji daga inda baƙuwa ta fito, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa ta shiga kiran surukarta.

Hajjo ta fito a hankali, 'yar ƙaramar tsohuwa, fara, da tsagar shuni a gefen baki. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, gajiya, ruwa, hanya. Aka kawo kindirmo kaɗan a ƙoƙo, Mufida ta ba da haƙuri, ta ce tun da Wule ta tafi ba abin tatsa.

"Inna, mazan fa?" in ji Damaris.

"Sun hau da shanu wajen Kauru tun farkon ruwa, kada su shiga gonar mutane. Can waya ba ta kamawa. Sai kaka."

"Ku biyu kaɗai?"

"Mu biyu da Wule. Ita aka bar mana."

Damaris ta yi ta juya ƙoƙon a hannu. Ta san inda za ta taka da inda ba za ta taka ba. "Shi mai ita, yana tare da su can?"

Hajjo ta dubi maraƙin. Mufida ce ta amsa, idonta a kan tabarma. "Ya rasu bara da kaka. Zazzaɓi, kwana huɗu. Ba a canza rajista ba, ba wanda ya iya zuwa."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Damaris, sai ta ji maganar ta yi mata kaɗan a baki.

"Ranar sunansa aka ba shi kakar kakar Wule," Hajjo ta ce, kamar da maraƙin take magana. "Yana ɗan jariri ja, ubansa ya kama kunnen karsana ya ce ta yaron ce. Duk suka ƙare, ciwo ya ɗauki wasu, aure ya ɗauki wasu. Ita kaɗai ta rage a layin, sai wannan ɗan nata. Idan na tatse ta, hannunsa nake gani, don shi ya koya mata tsayawa." Ta juyo. "'Yata, gobe ne ko?"

"Gobe ne, Inna."

"Jiya na zauna a nan na ce zan faɗa. Na ce ai ya tafi, wace kunya kuma ta rage? Na buɗe baki, wallahi harshena ya ƙi. Shekara talatin da huɗu bai taɓa bi ta nan ba." Ta taɓa leɓenta. "Ita ma wannan, matarsa, ba ta iyawa. Kin gan mu, mata biyu, duk mun san abu ɗaya, ba mai iya ɗaukarsa ta miƙa."

Tausayi ya kama Damaris, kunya kuma ta fi tausayin yawa. Ta tashi ta ce tana zuwa. A bayan garke akwai wani babban suri, nan Mufida ta ce waya ke kamawa. Ta cire takalmi ta hau, ta zauna a kai da littafinta, iska mai ƙamshin ruwa tana kaɗa mata ɗankwali. Ta lumshe ido. Jirgi ya shigo, baƙo ya sauko. Amma wannan karon ba ta shiga jikinsa ba. Ta tsaya a gefensa da duk abin da ta sani, tana kallon hannunsa, sai ta tuna da ɗan kayan aikin nan na gefe, mai jero sunayen rajista. Takardarsa layi ɗaya ce tak, "Yana jero sunaye." Ta ba ta huɗu bisa goma wata uku da suka wuce ta manta da ita. Ɗan Aike bai taɓa ɗaukarsa ba ko sau ɗaya, don ba wanda ya gaya masa yaushe ake ɗauka.

Ta rubuta, ta soke, ta sake rubutawa, sannan ta kira Henry.

"Kana gaban kwamfuta? Rubuta. A ƙarƙashin sunan mai dabba: Wasu masu kira ba za su furta sunan ba, ba don ba su sani ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji. Idan mai kira ta ce ta wancan ce, ko ta babban ce, ko ta maigida ce, kada ka sake tambaya. Tambaye ta sunan ardonsu, ka ɗauki kayan jero sunaye, ka karanto mata na rugar ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Wanda ba shi ba za ta ce a'a. Inda ta yi shiru, shi ne."

"Tab!" in ji Henry. "Shiru kuma ya zama amsa? Sista, in netwok ne ya ɗauke fa? Kin san garinmu."

Gaskiyarsa ce, ɗan banza. "To ƙara: Bayan shirun, ka ce, Inna, kina nan? In ta ce tana nan, shirun nata ne, ba na waya ba. Ka rubuta sunan, kada ka sa ta maimaita."

"Ɓarawo ma ai zai iya yin shiru."

"Ɓarawo zai faɗi sunan da ƙarfi, har da na kakansa. Kuma siffar saniya sai ta dace, kuma ardo sai ya sa hannu ranar karɓa. Ba abin da ya ragu a dokar dattawa."

Ta ji ƙarar maɓallai. "Maki nawa za ki ba wannan?"

"Sai na gani da idona. Ka ɗora."

Aka ɗauki kusan awa guda. Rana ta leƙo ta koma, maraƙi ya yi kuka ya gaji. Da saƙon Henry ya shigo, Damaris ta sauko ta kamo hannun Hajjo, su uku suka tsaya a jikin surin. Mufida ta danna lambar ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta riƙe wayar sama kusa da fuskar surukarta.

Hajjo ta gaida Ɗan Aike da gajiya kamar ba shi ne ya rufe mata waya sau bakwai ba. Shi ma ya amsa kamar yau ya fara jin muryarta, don a wurinsa haka ne. Ta sake faɗin komai, ja, farin goshi, ƙaho, Juma'a.

"Mene ne sunan mai saniyar?"

Damaris ta dubi Hajjo.

"Ta babban ce," in ji Hajjo, kafaɗunta sun riga sun sauka, tana jiran godiya.

"Na gane, Inna. Ba sai kin faɗa ba. Wane ne ardonku?"

Tsohuwar ta zaro ido ta dubi Damaris. "Mahadi," ta ce da sauri. "Ardo Mahadi, ƙanena ne, shi kam ko sau goma."

"To zan karanto sunayen rugarku. Wanda ba shi ba, ki ce a'a. In na zo kan nasa, ba sai kin ce komai ba. Mahadi."

"A'a."

"Zakariyya."

"A'a, wannan ɗan Mahadi ne."

"Giɗaɗo."

"A'a."

"Jibir."

Iska ta tsaya. Can ƙasa rafi yana ta gudunsa, wata kurciya tana kira daga kan ɗorawa. Mufida ta juya fuska gefe. Hajjo kuwa ta tsaya ƙyam, ido a rufe, leɓe a haɗe. Shirun nan ne dai da Damaris ta ji sau bakwai a ofis, ba abin da ya canza a cikinsa, sai dai yau ba wanda ya kore shi.

"Inna, kina nan?"

"Ina nan."

"Na rubuta. Akwai wani manomi, Rufus, a ƙauyen da ke hayin rafinku, ya tsinci saniya mai wannan siffa ranar Juma'a. Na sanar da shi da dagaci cewa an samu masu ita. Ba za a kai ta kara ba."

Mufida ta saki wani sauti tsakanin dariya da kuka, ta ce, "Hayin rafi! Kwana shida tana hayin rafi!" Damaris ta jingina da surin. Ta fara tunanin abin da za ta gaya wa Henry, da yadda za a nemo wakilin ardo kafin yamma.

"Ɗan nan," in ji Hajjo, ba ta buɗe ido ba. "Sake faɗa."

"Manomin sunansa Rufus, yana ƙauyen da ke hayin..."

"Ba wannan ba. Wancan."

"Yi haƙuri, Inna, ban gane wanne kike nufi ba."

Ina zai gane? Babu shi a takarda. Damaris ma sai da ta dubi Mufida, ita kuwa ta raɗa mata, hawaye na bin kumatunta, "Tun da aka binne shi ba wanda ya ƙara kiran sunansa a rugar nan. Maza suna tausayinta, ba sa faɗa a gabanta. Shekara guda ke nan ba mu ji ba."

Damaris ta karɓi wayar ta kashe a hankali. Ita ba uwarsa ba ce, ba matarsa ba, ba ta taɓa ganinsa ba. Baƙuwa ce da ta sauka daga mota da safe, bakinta ba abin da ya ɗaure shi. Ta matsa kusa da kunnen tsohuwar, inda ƙamshin man shanu yake.

"Jibir," ta ce.

Hajjo ta laluba ta kama hannun Damaris ta riƙe gam, ta ɗan matsa shi, irin matsawar mai neman ƙari. Damaris ta sake faɗa.